Fuskar da Ƙayar Dabino ta Bar wa Abakar

Shekara goma sha huɗu ke nan da aka fito da gawar mijina Abakar daga Haramin Madina bayan sallar La'asar, aka shige da ita maƙabartar Baƙi'a a kan kafaɗun maza, ni kuma na tsaya inda mata suke tsayawa, a bayan shinge. Ban ga ramin da aka sa shi ba. Yayana Sulaiman ya fito yana kakkaɓe ƙasa daga hannunsa, ya nuna mini wani gefe da haɓa, ya ce can ne, wajen da tattabarun nan suka sauka. Kafin in ɗaga ido sosai tattabarun sun tashi. Wanda ya san Baƙi'a ya san ba a rubuta suna a kan dutse, kuma mace ba ta shiga. Don haka duk shekara idan wannan wata ya kama nakan je in tsaya a bakin shingen, in yi wa dukkan waɗanda ke kwance sallama, in bar wa Allah ya kai wa nawa rabonsa.

Abin da ya rage mini na fuskarsa hoto ne guda ɗaya tak. Abakar ba ya son a ɗauke shi hoto, da ya hango ana shirin yi sai ya juya ƙeya. Yaya Sulaiman ne ya yi masa satar wannan a gona, ranar da muka kai masa 'yarmu Safiyya tana tatata, ya ɗaga ta sama yana dariya. A gidanmu ba a rataye hoto a bango, saboda haka yana zaune cikin kabad ɗin gilashi na falon mata, a jingine da finjalan gahawa. A watan jiya saura kaɗan in rasa shi, kuma wadda ta zo ɗauka 'yarsa ce ta cikinsa. Shi ya sa waiwayen bana ya fi na kowace shekara yi mini nauyi.

Sai na fara faɗa muku yadda fuskar take, domin komai daga nan ya taso. Abakar Bahaushen Chadi ne, daga wajen Abeshe. Ya zo ƙasar nan yana saurayi ya kama aikin hawan dabino a gonakin Awali. Wata shekara, lokacin da ake ɗaura wa matan dabino furen namiji, igiyar da ke ƙugunsa ta zame, ya sulalo, ƙaya ta kama shi daga ƙasan hanci ta tsaga leɓensa na sama ta ɓangaren hagu. An ɗinke. Amma da ya warke sai naman ya tattare ya ja leɓen sama, fiƙarsa ta zauna a waje. Gashin baki ya rufe tabon, kuma wannan ne ya ƙara ɓata lamarin, domin mai kallo ba ya ganin ciwo, sai dai ya ga mutum ya ɗage masa leɓe. Yana gaishe ka da ladabi, fuskarsa tana cewa kai ba komai ba ne. Yana yi maka ta'aziyya, fuskarsa tana yi maka dariyar raini. Wani mai kanti a unguwar Anbariyya ya taɓa biyo shi har titi yana tambayarsa me ya gani a kayansa da zai taɓe musu baki. Tun daga nan Abakar ya koyi jawo jelar shimag ɗinsa, ƙyallen nan da maza suke yafawa a ka, ya naɗe bakinsa kamar mai tsoron ƙura.

Safiyya tana da shekara shida ya rasu. Tana tuna muryarsa, tana tuna ƙamshin ɗanyen dabino a jikin rigarsa, amma fuskar daga hoton nan ta san ta. Yanzu tana jami'a, sashen Turanci. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Larabci, kamar yawancin 'ya'yanmu da aka haifa a nan, sai dai idan abu ya dame ta Hausa ce take zuwa mata, irin ta ubanta mai nauyi. Da Hausa ta same ni a kicin ranar nan, bayan ta dawo daga makaranta, ko abayarta ba ta cire ba.

"Ummi, kin san Turawa suna da kalma guda ɗaya ta wannan abin?"

"Wane abin?"

Ta sa ɗan yatsa ta ɗage leɓenta na sama ta gefen hagu.

Kalmar ita ce sneer. Ta maimaita mini ita har na iya faɗa, sannan ta karanto mini daga wayarta tana fassarawa. Ma'anarta ɗage leɓen sama ta gefe guda, ko yin murmushi, ko yin magana, da nufin nuna wa mutum bai kai ba. Ta ce ɗaruruwan shekaru da suka wuce ba mutum ake faɗa wa ita ba, doki ne, firjin nan da yake yi idan ya furzar da iska ta hanci. Masu bin asalin kalmomi suna kyautata zaton sautin hancin aka kwaikwaya aka yi ta. Daga baya aka riƙa faɗa wa mai yage baki haƙora a waje kamar kare, har ta zo ta zauna a kan wanda yake raina ɗan uwansa da fuska.

Na ce mata, to shi doki ai ƙura yake fitarwa daga hancinsa, bai ma san da zaman kowa ba, mutane ne suka ɗora masa niyya. Da dariya na faɗa. Ita ba ta yi ba. Sai ta juyo mini da wayar.

Gonar ce, dabinon ne, jaririyar da aka ɗaga sama Safiyya ce. Amma mutumin da ya ɗaga ta leɓensa a zaune yake daidai, haƙoransa a jere farare, fatarsa sumul har ta ɗan yi haske. Kyakkyawa ne ƙwarai. Ban taɓa ganinsa ba a duniya.

"Wane ne wannan?"

"Abuya ne mana." Haka take kiran ubanta.

"Wannan ba ubanki ba ne."

"Gyara kawai na yi, Ummi. Kowa yana yi."

Har ta riga ta kai an wanke mata shi, an sa a firam mai ruwan zinariya. Dalilin kuwa na san shi. Ranar Alhamis mai zuwa Ummu Faisal, wato mahaifiyar Faisal, za ta zo ganin gida don neman auren Safiyya. Faisal yayan ƙawarta Rahaf ne, 'yar ajinsu, kuma na daɗe da lura cewa duk lokacin da aka ambaci sunansa 'yata takan sami abin gyarawa a bakin ɗankwalinta. Su ma asalinsu Kano ne kamar mu, amma kakanninsu sun daɗe da zama a nan, Hausar da ta rage a gidansu ta gaisuwa ce da sunayen abinci. Suna can sabbin unguwannin arewa, mu kuma muna nan Harra ta Gabas, a gidan da kakana ya gina da baƙin dutse.

"Mutanen nan komai kallo suke, Ummi. Labule ma kallo suke, balle fuska."

Na ce mata gidanta ne ita ma, tana da iko ta sa abin da take so a kabad, kuma ba zan cire da hannuna ba. Amma idan aka tambaye ni ko wannan ne mijina, ba zan ce shi ne ba.

"Haram alaiki, Ummi. So kike su tafi?"

Ta buɗe kabad ɗin ta ɗauke hoton gaskiyar, ta jingine na baƙon mutumin nan a wurinsa, ta shige ɗakinta ta rufe. Ban san inda ta kai shi ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya.

Kwanakin da suka biyo baya mun yi su kamar baƙin da suka haɗu a masauki. Ta gaishe ni in amsa, in ajiye mata abinci ta ci ta wanke kwanon. Na lura ko Sulaiman ya zo ya yi mata barkwancin da ya saba, sai ta kai tafin hannu ta rufe bakinta kafin ta yi dariya, abin da ba ɗabi'arta ba ne, amma na ɗauka fushin da take yi da ni ne. Duk safiya idan na shiga falo sai baƙon nan ya yi mini murmushinsa mai tsabta. Abin da ya tsorata ni shi ne wata rana bayan sallar Azahar, ina kan darduma ina yi wa Abakar addu'a, na nemi fuskarsa a raina kamar yadda na saba, sai ta baƙon ta zo. Na kore ta, ta dawo. Na tashi da sauri har carbina ya faɗi.

Abin mamakin shi ne wannan baƙo na san irinsa tun ina budurwa. Goggona tana saukar da alhazai mata 'yan Kano a gidanta, kuma cikin jakunkunansu, tsakanin kuka da daddawa da yaji, akan sami littattafan soyayya da suka karanta a hanya. Idan za su koma sai su bar mini. A soron gidanmu na karance su, wasu babu bango, wasu babu shafin ƙarshe sai in ƙarasa da kaina. Duk samarin da ke ciki haka suke, dogon hanci, jerarrun haƙora, murmushin da ke sa budurwa ta manta abin da aka aike ta. Irinsa na zauna jira. Na ma tsara yadda za mu haɗu, a harabar Harami da yamma, iska ta ɗauke mini wani abu ya tsinto mini.

A gonar Awali na haɗu da nawa, tsakiyar zafi, lokacin da dabino ya nuna. Na raka goggo sayen ɗanye. Muna tsaye a inuwa sai na ji ana rera waƙa da Hausa daga sama, wata irin Hausa mai lanƙwasa da ban saba ji ba. Ya sauko da nono guda na dabino a kafaɗa, bakinsa a naɗe, idanu kawai nake gani. Wallahi idanun nan sun fi duk waɗanda aka siffanta mini a littafi. Na riƙa ƙirƙiro dalilin raka goggo har ta fara yi mini kallon gefe. Ranar da na fara ganin sauran fuskar, ya kwance ƙyallen ne don ya riƙe igiya da haƙori, idonmu ya haɗu, na ga ya ɗage mini leɓe. Na koma gida na yi kuka har kaina ya yi ciwo, ina cewa ya gane ina son sa ya raina ni. Goggo ce ta yi mini dariya ta ce, ke 'yar littafi, ƙaya ce. Daga ranar kuwa, leɓen nan ya zama wurin da idona yake fara sauka.

Nakan tambayi kaina me Abakar zai ce da ya ga Madinar yau. Gonar da ya faɗo a cikinta an sare rabinta an yi wurin shaƙatawa da fitilu. Lokacin annobar da ta sa kowa ya rufe baki da hanci na yi ta tunaninsa, na ce da yana nan da ya huta, da ya shiga kasuwa kamar kowa babu mai binsa da harara. Amma wayar nan da ke gyara fuska da shafar yatsa ɗaya, ita ce ban san me zai ce a kanta ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce zai ƙi ba. Mutum ne da ya wahala da fuskarsa, ya sha komawa gida bai ci abincin walima ba. Wataƙila da ya kalli baƙon nan ya daɗe yana kallo, ya ce ashe haka da na kasance. Wannan tunanin ne ya hana ni shiga ɗakin Safiyya in ƙwato hotona da ƙarfi. Idan shi kansa zai iya sha'awar baƙon, ni wace ce da zan hana 'yarsa?

Ranar Alhamis ta zo. Bayan Azahar na ɗora gahawa, na zuba mata kayan ƙamshi, hel da za'afaran, Safiyya tana gefe tana jera dabino a faranti, ta yi kwalliya har na ji tsoron kallonta. Ban juya ba, idona a kan butar, na fara ba ta labarin da ban taɓa ba ta ba.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, kafinta ne, a nan Harra aka haife shi. Ya girma yana jin sunayen da ake kiran baƙar fata da su a kasuwa, ya kuma ga yadda ake kallonsa idan ya shiga wasu ofisoshi da takardunsa na ɗan ƙasa a hannu. Wannan ya sa ya zama mai karatun fuska. Yakan ce ka mare shi zai iya yafewa, amma kada ka kalle shi sama da ƙasa. Da maganar Abakar ta zo, Baba ya ce ba zai yi magana da wakili kaɗai ba, sai ya ga yaron da idonsa. Abakar ya zo da Malam Haruna, dattijon da ke kula da gonar, sanye da sabuwar jallabiya fara fat. Ni ina bayan ƙofar majalisi, falon maza, idona a tsagar da ke tsakanin ƙyaure da bango.

Baba ya ce, "Samari, nan ba gona ba ce, babu ƙura. Kwance fuskarka in ga wanda nake magana da shi."

Abakar ya kwance ƙyallen. Daga inda nake na ga bayan Baba ya miƙe. Malam Haruna ya fara cewa, "Alhaji, shi yaron nan..." Baba ya ɗaga masa hannu.

"Yana da baki. Ai ga shi nan ina gani."

Yaya Sulaiman ya zagayo da butar gahawa. A ƙasar nan, kamar yadda masu zama a nan suka sani, baƙo ba ya ƙin finjalin farko. Wanda ya riƙe bai sha ba, ko ya ajiye a ƙasa, to ya ce wa mai gida ruwan gidansa bai kai ya shiga cikinsa ba. Abin da Baba bai sani ba, ni ma a lokacin ban sani ba, shi ne leɓen Abakar ba ya rufuwa a bakin finjali. Tun da ya faɗo bai sake shan komai a gaban mutum ba, sai ya juya baya ya karkata kai gefe. Ya karɓa da hannun dama, ya riƙe. Malam Haruna ya shanye nasa. Baba ya shanye nasa. Tururin da ke tashi daga na Abakar ya yi ta raguwa har ya ɗauke.

"Ta huce," in ji Baba.

Finjalin yana nan a hannun Abakar.

"Ko ta gidan kafinta ba ta shiga bakinka?"

Abakar ya kalli finjalin, ya kalli farar jallabiyarsa, sannan ya kalli Baba ido cikin ido ya kai baki. Gahawar ta biyo ta tsagar leɓen, ta gangaro ta gemunsa, ta sauka a ƙirjinsa ta yi rawaya. Bai goge ba. Ya miƙa wa Sulaiman finjalin. Sulaiman ya dubi Baba, ya zuba. Abakar ya sake sha, ta sake zubowa, har ta ɗiga a kan darduma.

Ya ce, "Baba, gahawarka ta shiga. Wadda ta zube ƙaya ce ta zubar."

Baba ya matso, ya dubi ƙasan gashin bakin da kyau kamar yadda yake duba katako.

"Rabonka da shan abu a gaban mutane?"

"Tun da na faɗo."

Sai Baba ya karɓi butar daga hannun Sulaiman ya zuba masa na uku da kansa, shi da ban taɓa ganin ya zuba wa wanda bai kai shi shekaru ba. Ya ce, "Sha. A gidan nan ba a ɓoye baki." Bai ce na ba ka ba a ranar, sai daga baya, kuma takardun izinin aure sun ja mu dogon lokaci. Amma ni a bayan ƙofar nan aka ɗaura mini aure.

Da na gama, faranti yana hannun Safiyya, dabino ɗaya tsakanin yatsunta.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Shi ya hana ni. Ya ce kada in mai da shi labarin littafi."

Ta buɗe baki za ta yi magana, aka danna ƙararrawa. Baƙon yana nan a kabad.

Ummu Faisal mace ce mai cikar kamala, mai magana a hankali, turarenta ya riga ta shigowa. Rahaf tana biye da ita, waya a hannu. Muka gaisa da Hausa, ta ƙare mata a "yaya gida," muka koma Larabci. Gaskiyar Safiyya, ta kalli labule. Ta kalli darduma, ta kalli hannun Safiyya lokacin da take miƙa dabino. Na zuba mata gahawa ta sha, ta yaba. Na zuba na biyu. Tana riƙe da shi idonta ya sauka a kabad.

"Wannan ne marigayin? Masha Allah, tabarakallah. Kyakkyawa. Ashe a nan Safiyya ta ɗauko."

Ni ta kalla tana jiran amsa. Butar tana hannuna na hagu, na ji nauyinta ya ninka. Kalma ɗaya ce, na'am, kuma da na faɗe ta da hira ta ci gaba, da 'yata ta sami abin da take so. Na ga Safiyya ta sunkuyar da kai, yatsunta sun kama gefen kujera. Na nemi kalmar a bakina ban same ta ba. Shirun ya yi tsawo har Rahaf ta ɗago daga wayarta.

Safiyya ta miƙe ta fita. Na ce a raina shi ke nan, ta tafi kuka, na kashe mata aure da bakina a rufe. Ummu Faisal ta dube ni da alamar tambaya, na ce tafaddali, wato bismillah, ga dabino. Sai ga ta ta dawo, hoton gaskiyar a hannunta, gefensa ya ɗan lanƙwashe. Ta durƙusa ta miƙa wa Ummu Faisal da hannu biyu.

"Khala, wancan ni na gyara shi a waya. Wannan ne Abuya."

Ummu Faisal ta karɓa ta nisanta shi da idonta. Rahaf ta leƙo ta kafaɗarta. A nan na ga abin da Turawan suka yi wa kalma, na gaske, a kan leɓen Rahaf, lafiyayye mai jan baki, ya ɗaga kaɗan ta gefe guda ya koma. Ƙiftawar ido ne, amma Safiyya ma ta gani.

"Haka aka haife shi?" Ummu Faisal ta tambaya, kuma da ta faɗa bakin Safiyya ta kalla.

"A'a, ƙayar dabino ce. A Awali yake aiki, hawa yake yi." "Dariya yake yi a nan. Haka dariyarsa take."

"Allah yarhamu," in ji Ummu Faisal. Ta mayar da hoton, ta shanye gahawarta, sannan ta girgiza finjalin, alamar ya isa. An ɗan taɓa hirar zafi da tsadar haya. Kafin Magariba sun tafi, da alkawarin za a yi waya.

Da na dawo daga rakiya na tarar da ita zaune a ƙasa, ta jingina da kabad, hotunan biyu a cinyarta. Na zauna kusa da ita ban taɓa ta ba.

"Ummi, kalmar nan ba a waya na fara jin ta ba. A aji ne. Malama ta rubuta ta, ta ce wa zai nuna mana yadda ake yi. Sai wata ta ce a sa Safiyya ta yi murmushi." "Kowa ya yi dariya. Rahaf ma ta yi."

Sai a lokacin na gane tafin hannun da take kai wa baki. Ni na san wannan murmushi tun tana zanin goyo. Mutum ɗaya ne a duniya da Abakar bai taɓa naɗe wa bakinsa ba ko da wasa, ita ce. Yana dawowa daga gona zai ɗora ta a gwiwa, fuska da fuska, ya yi mata dariya har sai ta mayar masa. A wurinsa ta koyi yadda ake yi. Babu tabo a leɓenta, babu ciwo, amma idan abu ya yi mata daɗi gefen hagu ne yake fara tashi. Shekara goma sha huɗu ina satar kallonsa kamar mai ɓoyayyar ajiya, ban taɓa gaya mata ba don kada ta sani ta daina. Ranar na gaya mata. Ta yi kuka sosai, ni ma na yi, gahawa ta huce a buta.

Har yau da nake wannan rubutu ba su yi wayar ba. Ba su ce sun fasa ba, ba su ce suna zuwa ba. Ina ganin Safiyya tana duba wayarta tana kifewa, kuma ba zan ce muku zuciyata a kwance take ba. Wataƙila shirun da na yi ya raba 'yata da wanda take so, kuma idan haka ne zan ɗauki wannan har kabarina. A littattafan da na karanta a soro, a nan ne saurayi yake bugo ƙofa ya ce ya ji komai kuma ya ƙara son ta. Na girma na san ba kowace ƙofa ake bugawa ba. Abin da na sani kawai shi ne washegari na shiga falo na tarar ta cire baƙon daga firam ɗin zinariya ta sa ubanta a ciki, ta danne lanƙwasar gefen da kyau.

Abakar, ka yafe mini, na mai da kai labari a ƙarshe. Ba ka bar gona ba, ba ka bar gida ba, dutsen da ke kanka ma babu sunanka. Dabinon da ka hau an sare. Na yi zaton abin da ka bari takarda ce guda cikin kabad, shi ya sa na ruɗe da aka taɓa ta.

Bana Safiyya ta raka ni bakin Baƙi'a, karo na farko da ta ce za ta je da kanta. Muka tsaya a shinge bayan La'asar, muka yi sallama, muka yi addu'a. Ta tambaye ni ta ina yake. Na nuna mata da haɓa kamar yadda aka nuna mini, na ce can, wajen da tattabaru suka sauka. Ta duba gabas, ta duba yamma.

"Ummi, ai Baƙi'ar gaba ɗaya tattabaru ce."

Dariya ta kama ta a wurin da bai kamata ba, ta yi ƙoƙarin danne ta. Fuskarta a rufe take da niƙabi, hannuwanta biyu suna riƙe da ƙarfen shingen, ba ta saki ko ɗaya ba. Na ga idonta na hagu ya ƙanƙance, kuncin hagu ya ture ƙyallen sama kaɗan. Na daina neman wajen tattabarun, na tsaya ina kallonta.